Hatimin da Aka Ɓalle

Umarnin ya sauko ne daga hukumar kula da lafiyar jiragen sama ana tsakiyar damina. Aka ce duk helikwaftan da ke ɗauke da wani ƙaramin akwatin lantarki a bayan allon matuƙi, a ajiye shi a ƙasa sai an sauya akwatin. An gano girgizar jirgi na sa wayoyin cikinsa gogar juna har robarsu ta cinye, daga nan sai tartsatsi, sai wuta.

Sufeton da aikin ya faɗo wa a ƙaramin filin jirgin garin mutum ne siriri mai gilashi, wanda ko a taron suna ba a jin muryarsa. A gida Auta ake ce masa. Kamfani ɗaya ne ke da helikwafta a filin, yana jigilar leburori zuwa mahaƙar ma'adinai can cikin duwatsu, kuma babban matuƙin kamfanin, wanda kowa ke kira Kyaftin, mijin yayar Sufeto ne.

Ranar da Sufeto ya shiga rumfar jiragen yana ɗaura jar waya da hatimin dalma a ƙofar kowane jirgi, Kyaftin na tsaye a kansa riƙe da ƙugu. Ya ce tun yaron nan na yawo ba wando ya san shi, yau ga shi ya girma har yana kulle masa jirgi, to bari ya koma gida ya haɗa shi da Yaya. Sufeto ya ce ai Yaya ce za ta fara yi masa godiya, ko ba komai mijinta zai zauna ya gyara mata famfon da ya kwana biyu yana ɗiga. Makanikai suka yi dariya. Manajan kamfanin ne kaɗai bai yi ba.

Sababbin akwatunan suka maƙale a hanya. Ana cikin jiransu ruwa ya cinye gadar da ke zuwa mahaƙar, mota ta daina wucewa. Sai kuma wata safiya labari ya iso cewa rami ya rufta da mutane. An tono su, yawanci da ƙananan raunuka, amma akwai wani saurayi da dutse ya murƙushe masa ƙafa da gefen ƙirji. Nas ɗin da ke can ta ce in ba a kai shi asibiti a ranar ba, ba ta ɗaukar alhakin gobe.

Sufeto bai zauna ba. Ya kira shugabanninsa ya roƙi a ɗaga ƙafa a bar jirgi ɗaya ya je ya dawo, suka ce ba su da ikon wannan. Ya kira wani fili da ke da jirgin da ba irin wannan akwatin a jikinsa, suka ce hadari ya rufe musu hanya, sai dai washegari. Yana kan waya Manaja ya fita bakin ƙofar fili, inda dangin leburori suka fara taruwa, ya gaya musu jiragensa lafiya lau suke, mai cike da tanki, matuƙi na zaune, mutum ɗaya ne ya hana. Ya ma nuna musu tagar ofishin Sufeto da yatsa.

Bayan azahar taron ya danne ƙofar fili ta faɗi. Sufeto ya ji ƙarar ƙarfe a kan siminti, ya leƙa, ya ga masu gadi sun jefar da sandunansu suna gudu. Da ya bi ta ƙofar baya da ya tsira. Amma sai ya ga taron ya nufi rumfar jirage, ya ajiye wayar ya riga su can, ya tsaya a gaban jirgin farko yana haki.

Wanda ke gaba wani ƙato ne mai walda, wan saurayin da aka murƙushe, da baƙin gilashin aikinsa a goshi da guntun rodi a hannu. Bai yi ihu ba. Ya tambaya ko shi ne ya ɗaura wannan wayar. Sufeto ya ce shi ne. Ya fara bayanin akwatin da wayoyin da ke gogar juna, yana zana su a iska da hannu.

"Ƙanena na can yana aman jini, kai kana nan kana koya min waya," in ji Mai Walda.

Rodin ya sauka a gefen kansa. Sufeto bai ji zafi ba tukuna, sai dai duniya ta karkace, kunnensa na hagu ya cika da wani dogon ƙara kamar na injin niƙa. Ya faɗi a kan gwiwa yana laluben gilashinsa, wani ya take masa hannu, wani ya zuba masa takalmi a haƙarƙari har ya ji abu ya karye a ciki. Daga nan ya daina sanin wa ke dukan ina. Ƙafafu kawai yake gani, da silifas ɗin wata mata da ya tsinke, da jininsa da ke bin tsagin siminti yana haɗuwa da baƙin mai. Suka ja shi ta ƙafa zuwa bakin rumfa, kansa na bugun ƙasa. Wani ya ce a kawo taya. Ya ji sanyin man jirgi a bayansa, warinsa ya shaƙe shi.

A nan ne Kyaftin ya ratsa taron. Ya hankaɗe mai jarkar man har ya faɗi da baya, ya tsaya a kan Sufeto, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Wani ya jefe shi da sifana ta tsaga masa gira, bai ko goge ba. Ya ce wa Mai Walda shi ne matuƙin, in sun ƙona wannan mutumin sai dai su tuƙa jirgin da kansu.

"Zan je in ɗauko maka ƙanenka. Amma kowa ya ja da baya, kuma wanda ya sake taɓa shi, wallahi ba ni ba tashi."

Sufeto ya kamo ƙafar wandonsa. Bakinsa cike da jini, maganar ba ta fita sosai.

"Yaya Kyaftin, kada ka tashi. Akwatin..."

"Na sani, Auta. Ni na fi ka sanin jirgin nan. Kwanta."

Ya ɓamɓare yatsun Sufeto ɗaya bayan ɗaya, ya je ya ɓalle hatimin da hannunsa. Makanikai suka turo jirgin waje. Mutane da dama suka nemi su bi shi, ya hana, har mataimakinsa ya ce ya zauna. Shi kaɗai ya tashi. Iskar farfela ta watsa wa taron ruwan da ya kwanta a fili, jirgin ya karkata ya nufi duwatsu.

Suka jingina Sufeto da bangon rumfa. Fushi ya sauka, kunya ta fara hawa, kowa na kauce wa idonsa. Matar da silifas ɗinta ya tsinke ta kawo masa ruwa a gwangwani, ta ajiye nesa kaɗan kamar mai ba kare mai cizo. Duk numfashin da ya ja sai ya ji kamar ana soka masa wuƙa a gefe. Da ya iya magana, abin da ya fara tambaya shi ne motar kashe gobara. Aka ce direbanta ya gudu da makulli tun da ƙofa ta faɗi. Ya sa makanikai suka jero tukwanen kashe wuta na hannu a bakin inda jirgi ke sauka, ya roƙi Mai Walda ya kori mutane can bayan shinge. Mai Walda ya tafi yana kora su. Wasu suka ja baya, wasu suka ƙi, suna cewa su ma suna da 'ya'ya a can, suna son su ji labari daga bakin matuƙi.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka ji shi yana dawowa. Mata suka fara guɗa. Sufeto ba gilashi, ɗigo kawai yake gani a sama, amma ya ga ɗigon na jan wani siririn zare a bayansa. Mai Walda, wanda ya san launin hayaƙin roba, ya daina murmushi.

Jirgin ya zo ƙasa-ƙasa yana tangaɗi kamar mashayi, fitilunsa a mace, ɗakin matuƙi cike da baƙin hayaƙi. Daga baya Kyaftin ya ce tun a kan kogi allon ya mutu, wuta ta fito ta ƙarƙashinsa tana lasar sandar tuƙi, kuma ya san in ya saki sandar ko na ƙiftawar ido sun tafi. Bai saki ba. Ya kawo shi har cikin fili, amma bai ga ƙasa ba. Ƙafar jirgin ɗaya ta bugi siminti ta karye, jirgin ya kwanta a gefe, farfela ta sari ƙasa ta tarwatse. Guntayenta suka fita kamar an harba su. Ɗaya ya huda rufin rumfa. Ɗaya ya sami wani dattijo da ya ƙi ja baya, wanda ya zo jin labarin ɗansa, ya same shi a wuya. Bai shura ba.

Taron ya watse, mutane na tattake juna a bakin shinge. Sufeto bai san yadda ya miƙe ba. Ya tsinci kansa yana jan tukunyar kashe wuta da hannu ɗaya, rigarsa har yanzu jiƙe da mai, wani makanike ya finciko shi ya yage rigar daga jikinsa kafin ya bar shi ya matsa. Ƙofar bayan jirgin ta lanƙwashe ta ƙi buɗewa. Mai Walda ya cusa rodinsa a tsagin ya danna da dukkan nauyinsa, ƙofar ta yi ƙara ta ɓalle. Suka zaro nas ɗin da ta rako mai raunin, da karyayyen hannu tana tari, suka zaro saurayin ɗaure a gadon ɗaukar marasa lafiya, idonsa biyu.

Sufeto ne ya shiga ta gaba. Ya fesa farar hoda har tukunyar ta ƙare, ya laluba cikin hayaƙi ya kwance bel ɗin Kyaftin. Hannuwan Kyaftin na kan sandar har yanzu. Safar hannunsa ta narke ta haɗe da fata, fatar ta haɗe da robar sanda. Sufeto ya ja, bai iya ba. Mai Walda ya zo ta bayansa ya rungumo Kyaftin ta ƙirji ya fizge shi da ƙarfi ɗaya. Ƙarar da Kyaftin ya yi, Sufeto da kunne ɗaya ya ji ta, kuma ya ishe shi.

Asibiti ɗaya aka kai su. Yaya ta riƙa kai da kawowa tsakanin ɗakin miji da na ƙane, da kwano a hannu. Saurayin ya rayu, an yanke masa ƙafa. Kunnen Sufeto na hagu bai sake ji ba. Yatsun Kyaftin, likitoci suka ceto abin da za su iya.

Da hukumar ta kafa kwamitin bincike, Yaya ta zo wajen ƙanenta ta rufe ƙofa. Ta ce ba ta taɓa roƙonsa komai ba tun rasuwar iyayensu. Abu ɗaya take so: ya ce taron ne ya ɓalle hatimin, kuma da rodi a kansa aka tilasta wa mijinta tashi. A cikin wannan hargitsi wa zai ƙaryata shi? Ta buɗe ƙofa ta fita.

A gaban kwamiti ya faɗi komai yadda ya gani: Manaja da yatsansa, rodin, man da aka zuba masa, da wanda ya ɓalle hatimin, da dalilinsa. Ya ce, da Kyaftin bai tashi ba, da an ƙone shi, da yanzu ba shi ne ke zaune a gabansu ba. Suka rubuta, suka jinjina kai, suka soke lasin Kyaftin. Suka rufe kamfanin. Mai Walda da wasu mutum kaɗan aka ɗaure su. Kafin a tafi da shi ya aiko matarsa ta ba da haƙuri, Sufeto ya karɓe ta a tsaye, ya ce ya ji.

Kyaftin bai riƙe shi da komai ba. Ya ce lasin da ba hannun riƙe shi, a soke ko a bari duk ɗaya, kuma da Auta ya yi ƙarya da shi da kansa zai tashi ya ƙaryata shi. Yaya ce ba ta huce ba. Ta daina ɗaga wayarsa. In ya zo ɗaukar Kyaftin zuwa gashin ƙashi, sai ta turo mijin bakin ƙofa ta koma ciki.

Haka aka ci rani. Wata rana ya dawo da Kyaftin, ya taimaka masa ya fito daga mota, ya juya zai tafi kamar kullum, sai ya ga Kyaftin na yi masa nuni da haɓa. Yaya ce tsaye a bakin ƙofa, bakinta na motsi. Ta ɓangaren kunnen da ya mutu take, bai ji ba. Ya juyo mata ɗayan.

"Na ce ka shigo ka ci abinci," ta ce. "Kuma kada ka ɗauka na manta."

Ya ce bai ɗauka ba. Ya kulle motar ya bi su ciki.