Kwamfutar da Ba a Kashewa

Wata goma sha ɗaya ke nan ba a kashe kwamfutar ba. Tana nan kan teburin cin abinci, a gefen da matarsa ta saba zama, murfinta a buɗe, wayar cajinta ta bi ta ƙarƙashin kujera zuwa bango. Tsohon ya daina cin abinci a teburin don kada ruwa ya fantsamar mata. A tsaye yake ci, a kicin.

Jan Biro ake ce masa, suna ne da ya samo a maɗaba'ar da ya yi wa aiki shekara talatin da huɗu yana gyara kurakuran marubutan da suka fi shi suna. Ya yi karatu har idanunsa suka gaji, kuma abin da ya tsira da shi daga littattafan shi ne rashin yarda da duk abin da aka ce masa sabo ne.

Ranar da ciwo ya kayar da matarsa ba ya gida. Ya dawo ya tarar da ita a ƙasa kusa da teburin, ta kwana uku a asibiti, ta cika. Sai bayan masu gaisuwa sun watse ya taɓa madannan kwamfutar, allon ya farka, ya ga abin da take yi. Wasiƙa ce take rubuta wa 'yarsu Auta a shafin imel. Layi shida na gaisuwa da zancen ciwon gwiwa, sannan na bakwai: "Babanki kuwa kin san halinsa, jiya ma sai da ya". Daga nan babu komai, sai ɗan siririn layin nan mai ƙiftawa yana jiran kalma ta gaba.

Ya taɓa ganin masu buga rubutu a maɗaba'a sun yi asarar babi guda saboda na'ura ta mutu, don haka ya san abin da zai faru in aka rufe burauzar, manhajar intanet ɗin da shafin yake buɗe a cikinta. Kullum da safe kwamfutar takan nemi izinin sabunta kanta, shi kuma ya danna mata "anjima". Da ya ji cewa ta intanet sabuntawar take shigowa, sai ya zare akwatin intanet ɗin daga bango ya jefa shi cikin durowa. Ya kwafe wasiƙar da hannu har sau uku, da kurakuranta biyu na rubutu waɗanda bai gyara ba, abin da bai taɓa yi wa wani marubuci ba. Amma kwafi kwafi ne. A kan allon nan yatsunta suka tsaya, kuma da ƙorafinsa a bakinta suka tsaya. Wata goma sha ɗaya yana bin laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya yi a wannan jiyan, kuma laifuffukan ba kaɗan ba ne.

Bai nuna wa Auta ba. In ta zo yakan juya allon ya fuskanci bango.

Ranar Asabar da hantsi ta zo da mijinta. Surukin ma'aikacin inshora ne, mutumin kirki, sai dai babu abin da aka ƙera a duniya da bai kalli bidiyo a kansa ba. Auta ce ta fara lura, tana goge teburin.

"Baba, kwamfutar Mama ta yi ciki."

"Ban gane ba."

"Dubi, ba ta zauna daidai ba. Tana rawa."

Surukin ya sunkuya ya leƙa ta gefe. Wurin da ake shafawa da yatsa ya ɗago, gefen ya buɗe har ana ganin haske ta tsakani. Ya ja da baya da sauri har ya buge kujera.

"Baba, batirin ne ya kumbura. Wannan wuta yake kamawa. Wallahi na ga wani bidiyo..."

"Na san ka gani."

"Dole a kashe ta yanzu."

"Ba za a kashe ta ba."

Auta ta ajiye tsumman. Ba ta ɗaga murya ba, halin uwarta ne wannan. Ta ce, "Baba, a gidan nan kake kwana kai kaɗai. Na rasa ɗaya, ba zan rasa na biyu saboda batir ba. Ko mu kai ta wajen gyara yanzu, ko in zare wayar da hannuna."

Ya dube ta, ya ga za ta aikata. Ya je ya sa takalmi.

A buɗe ya ɗauke ta, hannu bibbiyu, ya zauna a kujerar baya ya ɗora ta kan cinya. Alamar caji ta ce saura minti ashirin da biyu. Surukin yana tuƙi yana bayani a kan yadda barin burauza shekara guda babu sabuntawa yake daidai da kwana da ƙofa a buɗe, tsohon kuwa idonsa na kan lambar. Goma sha bakwai. A fitilar hanya ta biyu ta faɗo zuwa tara lokaci ɗaya.

"Ɗana," in ji shi, "in ka iya tuƙi kamar yadda ka iya magana, yanzu ne lokacinsa."

Da saura minti huɗu suka shiga shagon. Ɗaki ne ƙarami a ƙarƙashin bene, da dogon tebur, da fitila mai gilashin ƙara girma, da ƙananan kusoshi a jere cikin farantin ƙanƙara. Mai shagon mace ce wadda kowa ke kira Injiniya, da tabarau a goshi. Ta dubi cikin kwamfutar ta yi tsaki, ta jona mata wuta ba tare da ta tambayi kowa ba.

"Baba, yaushe rabon da a kashe ta?"

"Bara."

"Bara wane wata?"

Ya gaya mata. Wani direban tasi da ke zaune kan benci yana jiran a canja masa gilashin waya ya yi salati.

Tsohon ya matso kusa da ita, ya rage murya don kada Auta ta ji, ya nuna mata allon. Injiniya ta karanta. Ta ɗauki wayarta ta ɗauki hoton shafin.

"Irin wannan imel ɗin yakan ajiye abin da ake rubutawa da kansa, tun kafin a aika," ta ce. "Ina kyautata zaton yana nan. Amma ba zan rantse maka ba. Kuma da an kashe an kunna, zai iya neman kalmar sirri. Ka san ta?"

"Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Ban sani ba."

"To. Batirin nan dai ba zai koma gidanka ba, ko da za ka kai ni ƙara."

Ya tsaya yana kallon layin mai ƙiftawa. Ya ƙirga ƙiftawa goma. Sannan ya juya baya ya fuskanci shiryayyen da aka jera tsofaffin caja, ya ce, "Yi."

Bai ga lokacin da allon ya yi baƙi ba. Ya dai ji ƙarar kusoshi suna faɗawa cikin faranti, ya ji ta ce wa surukin ya matsa, ya ji ta fita da batirin ta saka cikin bokitin yashi a bakin ƙofa. Da ta sa sabo ta kunna, ta haɗa ta da intanet ɗin shagon, sai kwamfutar ta tuna duk "anjima" ɗin da aka danna mata. Ta rubuta cewa tana sabuntawa, kada a kashe ta, kashi biyu cikin ɗari.

"Yanzu kuma ita ce ke cewa kada a kashe ta," in ji tsohon.

Aka ba shi kujera. Minti arba'in suka yi suna kallon lambar tana jan jiki, kuma tunda babu abin yi, sai kowa ya zama masani.

Surukin ya ce matsalar tun daga burauzar ce. Wannan da ke kan kwamfutar cin ƙwaƙwalwar na'ura take yi, kuma duk inda mutum ya shiga tana rubutawa tana kai rahoto. Shi tuni ya koma wata wadda ba ta bin sawun kowa.

"Wa ya gaya maka ba ta bi?" in ji direban.

"Su suka rubuta a shafinsu."

"To ai ni ma na rubuta a bayan motata cewa ba na gudu."

Direban ya ce shi ba ruwansa da wannan duka, wadda ya tarar a cikin waya ita yake dannawa. Kuma ba ya sabunta komai, don duk ranar da ya sabunta sai ya nemi maɓallan da ya sani ya rasa, an kwashe su an kai wani lungu. Ya ce da gangan suke yi don wayar ta yi nauyi a sayi sabuwa.

"Shi ya sa wata uku da suka wuce ka zo nan kana kuka an shiga shafinka ana roƙon 'yan'uwanka da sunanka," in ji Injiniya, ba ta ɗago daga wayarsa da take ɓarewa ba.

"Wannan ƙaddara ce, Hajiya."

"Ƙaddarar da kalmar sirrinta lambar motarka ce."

Auta ta yi dariya. Surukin ya ce shi kalmominsa na sirri kowace harafi ashirin ce, kuma ba ya taɓa barin burauza ta riƙe masa su, don wannan ganganci ne. Auta ta ce gaskiya ne, shi ya sa duk mako sai ya danna "na manta". Suka tambayi Injiniya wace burauza ce ta fi tsaro.

"Wadda aka bari ta sabunta kanta," ta ce. "Sauran duk gardamar masu ƙwallo ce."

Idon tsohon na kan lambar. Kashi sittin da takwas. Yana tunanin cewa ga mutum huɗu suna muhawara a kan wa ke leƙen asirinsu, alhali babu ɗayansu da ke da asirin da ya kai a leƙa. Kashi casa'in da ɗaya ta tsaya, ta daɗe a nan.

Allon ya mutu, ya dawo. Hoton Auta tana ƙarama ya bayyana, wanda burauzar ta rufe wata goma sha ɗaya har ya manta da shi. Injiniya ta buɗe burauzar. Wani ɗan akwati ya tambaya ko a dawo da shafukan da aka bari, ta danna. Shafin imel ya buɗe, ya nemi kalmar sirri.

Kafin kowa ya yi magana, gurbin ya cika da ɗigo-ɗigo da kansa. Marigayiyar ta bar wa burauzar ta riƙe mata. Surukin ya buɗe baki, Auta ta taka masa ƙafa.

Injiniya ta shiga wurin da ake ajiye wasiƙun da ba a aika ba. Guda ɗaya ce a ciki. Ta buɗe, ta danna ƙarshen layi na bakwai, ɗan siririn layin ya ci gaba da ƙiftawa.

Tsohon ya sa tabarau ya karanta daga farko, da yatsa, kamar yadda yake yi a wurin aiki. Kurakuran biyu suna nan inda suke. Ya sauke numfashi mai tsawo, ya ga ashe a tsaye yake, ya koma ya zauna.

"Ko na kashe ta tana nan?"

"Ko ka jefa kwamfutar a rijiya, Baba. Ba a cikinta take ba."

"Tun bara?"

"Tun ranar."

Auta tana tsaye a bayansa, ya san ta ga sunanta a saman wasiƙar. Bai juya allon ba. Ya matsar da kujerarsa gefe.

Ta karanta a hankali, hannunta a baki. Da ta kai layin ƙarshe sai kafaɗunta suka fara rawa, ya ɗauka kuka ne, kuma da kukan a ciki, amma dariya ta fi yawa.

"Ai ta kira ni," ta ce. "Da safen ranar da ta faɗi. Ta ce ta fara rubuto mini, rubutun ya ishe ta, gara ta faɗa da baki. Mun fi rabin awa muna magana. Lafiyarta ƙalau a lokacin, Baba."

"Ta kira ki."

"Ta ce sabuwar wayar da ta saya maka ce ka saka cikin tukunya ka rufe da murfi, wai don kada ta ji hirarku. Ta yi ta nema har ƙarƙashin gado. Sai da ta kira lambar ta ji tukunya tana waƙa. Dariya take yi har tana tari."

Ya tuna tukunyar sarai. Bai taɓa saka ta cikin jerin laifuffukansa ba, don a ganinsa ranar ya yi daidai.

"Dariya take yi?"

"Har na ce mata ta sha ruwa."

Ya cire tabaraun ya goge shi da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Direban ya mai da ido kan takalmansa.

"Kuma tana ji," in ji tsohon da ya mayar da tabaraun. "Wayar. Sauraro take yi."

"Wannan kam gaskiya ne, Baba," in ji surukin. "Akwai wani bidiyo..."

"Na yarda, ɗana. Ka turo mini."

Ya juya wajen Injiniya ya ce bai taɓa koyon yadda ake kashe abin nan ba, mai ita ce ke yi. Ta nuna masa kusurwar allon, ta ce nan, sannan nan. Ya danna da kansa, ya jira har hasken ya ɗauke, ya sauke murfin. Ya rufu daidai, babu inda ya ɗago.