Akwatin Inna Laure

Shekara biyu da yanke mana jiha daga Sakkwato, gwamnati ta tara ungozomomin gargajiya a Birnin Kebbi aka yi musu horo na mako biyu. An koya musu wanke hannu da sabulu, da yanke cibiya da sabuwar reza, da gane naƙudar da ta fi ƙarfinsu su tura asibiti. Ranar sallama kowace ta tafi da katin shaida da akwatin kayan aiki. Doka ɗaya aka kafa: bayan wata shida za a zo dubawa, wadda ba ta amfani da kayan a karɓe katinta, akwatin a ba wata.

Ni Nuriyya, ungozomar asibiti mai sabuwar takarda da farin takalmi, ni aka tura yankin Argungu. A lokacin ina ji da kaina ƙwarai, ban ƙi in kama mai laifi ko da ɗaya ba.

A wata unguwa kusa da gulbi na same ta. Inna Laure ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura, ta tambayi mutanen Birni ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Da na ce a kawo akwati sai ta nuna sama da alfahari. Ga shi can bisa jeren kwanoni, an lulluɓe shi da zanen saƙi. Na sauko da shi. Reza goma sha biyu cur, sabulu a takardarsa, audugar ko yatsa bai taɓa ta ba.

Na gyara zama na karanto mata doka, har da ɗaga biro. Tsohuwa ta saurara sarai, sannan ta tambaya ko katin nan da ke ƙulle a bakin zanenta nake nufi. Na ce shi fa. Nan fara'arta ta ɗauke, domin mai gari ya riga ya yi shela cewa mai kati kaɗai za a riƙa kira gidan haihuwa.

"Ɗiyata, dakata mani kaɗan," in ji ta. "Kak ki rubuta komi."

Ta leƙa ta katanga ta yi magana da maƙwabciya. Kafin in shanye furar gida ya cika da mata masu goyo, na ƙirga goma sha huɗu. Aka jera mini jarirai a tabarma ana ɗaga riguna, ina bin cibiyoyi ɗaya ɗaya. Duk sun warke tsaf, babu wadda ta yi ruwa. Matan suna ta dariya suna ba ni labari: tun da Inna ta dawo daga Birni ta zama hukuma. Mijin da bai kawo sabuwar reza da sabulu ba, ba ta taka ƙofar gidansa. Zaren ɗaure cibiya ma sai ta tafasa shi. Wata Sakinatu ta ce ita da naƙuda ta yi tsawo, Inna ce ta tsare hanya ta tare motar albasa aka kai ta asibiti, kan buhuna.

Kunya ta kama ni, na mayar da biro aljihu. Amma dai na ce mata kayan nan don aiki aka bayar, me ya hana ta buɗewa?

Ta jawo akwatin ta shafa farin rubutun da ke kan murfin.

"An ce mani wanga sunana na. Shekara talatin ina yankan cibi garin ga, ba a taɓa rubuta ni bisa komi ba. In kai shi cikin jini da toka shi goge?"

Ni kuwa sunana a rubuce yake tun aji ɗaya. Na ce a ba ni kwano mai murfi. Muka juye reza da sabulu da auduga a ciki, ta ɗaure shi da ɗankwali ta ajiye bakin ƙofa inda hannu zai kai. Na sa hannu a katinta. Ita kuma ta hau turmi da kanta, ta mayar da akwatin wurinsa ba komai a ciki, ta juya rubutun yana kallon masu shigowa.