Makullin Yana Aljihun Yaya

Bayan fashi na biyu, yayana ya kawo akwatin ƙarfe shagonmu na magani, aka kafe shi a ƙasa da siminti. Ta wata 'yar kafa nake zura kuɗi, makullin kuwa yana aljihunsa.

Da rana tsaka 'yan fashin suka dawo. Na rantse musu ba ni da makulli, amma wa zai yarda? Suka farfasa min yatsun dama da gindin bindiga, suka fita hannu rabbana.

Yaya ya same ni a asibiti, bakinsa har kunne.

"Ƙanwata, kin ga amfanin akwatin nan? Ko sisi ba su ɗauka ba!"

Jiya na koma shagon. Yanzu da hagu nake zura kuɗin.