Rantsuwar Ndunda

Bayan girbin wake ƙafafun Kavata suka fara kumbura. 'Yar yayana Ndunda ce. An kai ta asibiti, an sha ƙwayoyi, kumburi ya hau har gwiwa. Ni na ɗauke ta a keke zuwa wurin tsohuwa Syombua mai magani, uban na biye yana tsaki.

Syombua ta girgiza goranta, ta zazzage tsakuwoyin duba a kan fata. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya bugi kithitu a gidanku?"

Kowa ya sani. Bara Ndunda ya tsaya kan duwatsu gaban dattawa, ya bugi kithitu, ƙahon rantsuwa, da sanda, wai gonar bakin rafi tasa ce, ba ta maƙwabcinmu Muindi ba. Ni kuwa na san inda babanmu ya kafa iyaka.

"Iya, magani muka zo nema, ba shari'a ba," in ji Ndunda.

"Ji shi, baki kamar na kwaɗo! Kithitu ba ya fara cin maƙaryaci, barinsa yake ya yi ta haƙa wa danginsa kabari. Mayar da gona, ka kawo akuya, in yayyafa muku abin tumbinta kai da Muindi."

"Masarata na ciki."

"To ci masara."

A hanya na ce, "Yaya, ka dai ji."

"Rufe min baki! Giyar Muindi ta sha."

Kithitu jini yake bi, ba ruwansa da wa ya haifi wa. 'Ya'yana uku ne. Washegari na ɗauki fartanya, na tumɓuke shingen da Ndunda ya kafa a gonar, na mayar da shi inda yake a da. Muindi ya yarda ya biyo ni. Na ja akuyata zuwa wurin Syombua.

Syombua ta dube mu. "Ina hannun da ya riƙe sandar?"

"Ya ƙi zuwa. Bari in kwance igiyar akuyar, yanzu zan jawo shi."

"Ɗaurarre ba ya wankuwa, ɗana. Da ƙafarsa zai zo."

Da na koma gida na tarar da matata Nduku tana ƙulle kayan yara, za ta kai su gidan ubanta a Mutomo.

"Nduku, ko Mombasa kika kai su, jinin na jikinsu."

"To in zauna ina kallo?"

Ban hana ta ba. Na ɗora mata ƙullin a baya. Daga bakin ƙofa muna hango Ndunda can gangare, ya tuɓe riga, yana sake kafa shingensa.