Nauyin Fuli

Kumatu ce ta fara gane motar babanta ba ta da lafiya. Tun tana jaririya, in ya tayar da babbar motar a ƙofar gida, ƙugin injin dizal ɗin ne ke sa ta barci. Makon nan kuwa, yana murza makulli sai ta tsala ihu. Uwarta ta ɗora tafin hannu a jikin ƙofar motar, ta ji wata irin karkarwa tana hawa har haƙoranta.

A cikin motar nan za su yi ƙaura, su da kayansu duka, ga nisa ga gangare. Maman Kumatu ta ce ita dai ba za ta sa 'yarta a ciki ba sai an san abin da ke damun injin.

"Mota ce fa," in ji mijinta. "Dole ta ɗan yi rawa."

"To, ta yi rawarta ita kaɗai."

Haka ta goya yarinyar ta bi shi gareji. Baba Makanike, dattijon da ke duba musu motar, ya saurari injin ya ce a kashe. Maimakon sifana, guntun alli ya zaro daga aljihu. A gaban injin akwai wani faifan ƙarfe da bel ke zagayawa, wanda suke kira fuli. Ya ja farin layi a kansa daga tsakiya zuwa baki. Aka tayar, aka taka mai, aka kashe. Da ta leƙa sai ta ga layin ya rabu biyu, rabin waje ya gudu ya bar na ciki.

"Ikon Allah! Baba, ƙarfe ne fa!"

"Ƙarfe biyu ne, 'yata, da roba a tsakani. Robar ce ta mutu." Ya nuna mata inda fulin ke ɗaure. Ya ce a ciki akwai sandar ƙarfe da ta fi damtsenta kauri, kuma duk bugun da injin ya yi sai ta murɗe ta warware, kamar ana matse wanki. Zoben waje da robarsa ne ke shanye wannan murɗar. In babu su, wata rana sandar karyewa take yi, ko fulin ya fice ana cikin gudu.

Maman Kumatu ta sake duban fulin. Ƙarfen da ke jan kayan gida guda, ashe shi ma sai an lallashe shi. Ta kai hannu baya ta gyara goyonta.

Mijin ya tafi layin masu kayan gyara, ya dawo da guda biyu don a zaɓa. Ɗaya baƙi wuluk yana sheƙi a kwalinsa, ɗayan ya sha ƙura a kan kanta har fentinsa ya dushe. Faɗinsu ɗaya, ramukansu ɗaya.

"Baba, ai magana ta ƙare," ya ce yana shafa mai sheƙin. "Dubi wannan kamar ango."

Baba na can yana wanke mazaunin fulin da ya kwance. Ita kuwa ta durƙusa ta ɗaga tsohon da hannu biyu, ta jinjina shi yadda take jinjina Kumatu kowace safiya don ta ji ko ta ƙaru. Ta ajiye, ta ɗauki angon. Ta sake komawa kan tsohon.

"Baban Kumatu, wannan naka bai ƙoshi ba."

"Au, nono za ki ba shi?"

"Ni dai hannuna ba ya yi mini ƙarya a kan nauyi."

Baba ya jawo sikelin da ke rataye a ginshiƙi, ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Mai ƙurar ya tsaya daidai inda tsohon ya tsaya. Angon bai kai ba.

"Na ƙaramin inji ne, ƙanen wannan," in ji Baba. "Zai shiga, zai ɗauru, amma murɗar naka ta fi ƙarfinsa." Ya dubi mijin. "Kai, a ina ka samo matar nan?"

"Ita ta samo ni, Baba."

Aka goge mai ƙurar aka ɗaura. Baba ya miƙa mata allin, ta ja layin da kanta. Injin ya tashi, mijin ya taka mai har kwanon rufin garejin ya amsa, sannan ya kashe. Layin na nan miƙe, bai gusa ba.

"A sake tayarwa," ta ce.

Ta sauke Kumatu ta hau gaban motar da ita, ta zauna inda za su zauna ranar tafiya. Yarinyar ta zaro ido, ta tsuke baki za ta yi kuka. Sai ta tsaya tana sauraro. Can kanta ya langaɓe a ƙirjin uwarta.

Mijin ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa yatsa.