Yaya a Kan Takarda

"Na ce ki daina."

"Ai na daina, Yaya."

"Kin gani ko?"

Ta toshe baki da hannu, cokalin shayi yana tsakanin yatsunta. Dariya take yi. Shi bai yi ba. Wasiƙar tana kan teburin kicin, ya danne ta da gwangwanin sukari kamar za ta gudu.

Wata goma sha ɗaya ke nan suna jiran bizarsa ta zama. Ita tana nan ƙasar waje tana aikin jinya a asibiti, shi yana can gida yana gyaran firji. Da jiran ya yi tsawo sai ya nemi bizar ziyara, aka ba shi sati uku. A filin jirgi ya rantse wa wani jami'i cewa zai koma ya bar matarsa. A ɗaya ofishin kuma, inda takardunsu suke, so ake ya nuna ba ya iya zama sai da ita. Duka biyun ya yi.

Kwana biyu suka rage masa. Wasiƙar jiya ta zo.

Ofishin shige da fice ya karanta hirarsu ta waya, shafi ɗari huɗu da suka buga, aka fassara, suka kai a matsayin shaidar aure. An lura, in ji wasiƙar, cewa matar ta kira mai neman biza "babban wana" sau dubu ɗaya da ɗari tara da shida. A yi bayani cikin kwana goma sha huɗu, ko a rufe fayil ɗin.

"Wani ya zauna ya ƙirga," ya ce. "Mutum mai iyali."

"Da ka gaya mini ana ƙirgawa da na cika dubu biyu."

"Likita, ba wasa ba ne."

"Ni na ce wasa ne? Sha shayinka, lauya ta ce ƙarfe goma."

Bai sha ba. Firjinta yake saurare. Tun ranar da ya zo yake jin fankar tana gogar wani abu, aikin minti biyar, amma lauya ta ja musu kunne cewa mai bizar ziyara ba ya aiki. Matarsa ta ɗauki maganar da zafi, har sukundireban gidan ta ɓoye. Sati uku yana kwana yana tashi da firji mai ciwo, hannunsa a aljihu.

A cikin bas suka ci gaba. Ta zauna ta wajen taga, ta ciro biro, ta juya ambulan ɗin wasiƙar.

"To zaɓi wani sunan da zan riƙa kiran ka da shi. Maigida."

"Mai fassara ya rubuta mai gidan haya. Su ce kina auren wanda ya ba ki ɗaki."

Ta soke. "Malam."

"Su ce ke ɗalibata ce."

"Ranka ya daɗe."

"Ba ki taɓa faɗa ba, kar ki fara yau."

"Masoyi." Ta faɗa a hankali, tana kallon titi.

Ya dube ta. Ita ma ta dube shi. Ita ta fara fashewa da dariya, har wata tsohuwa da ke gabansu ta waiwayo.

"Kamar mai tallan turare," ya ce.

"To me kake so? Tun ina aji uku nake ce maka Yaya. Kai ka riƙa zuwa gidanmu wajen wana kullum kamar ba ka da gida. Shi da yake wan nawa ma ban taɓa ce masa Yaya ba."

"Me kike ce masa?"

"Kai."

"To ce mini kai."

"Allah ya kiyaye."

Ya jingina kansa da kujera. Garin yana wucewa, gine-gine masu kama ɗaya, mutane cikin manyan riguna suna sauri. Ya yi tunanin shagonsa da ya rufe, da kwanaki ɗari uku da wani abu da ya yi yana duba waya kafin ya wanke fuska. Idan aka rufe fayil ɗin, sai su koma bayan layi. Wata shekarar. Wataƙila biyu.

"Akwai sunanka na gaskiya," ta ce.

"Kin san shi?"

"Na gan shi a takarda."

Ofishin lauya ɗaki biyu ne a hawa na uku. Lauyar doguwa ce, mai ɗan tabarau, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Shi kuma a harshen ƙasar bai wuce "na gode" da "ina hanya" ba. Matar ce ke tsakiya, tana kai magana tana dawo da ita.

Lauya ta buɗe fayil, ta yi magana mai tsawo.

"Ta ce ba Yaya kaɗai ba ne," in ji matar. "Ta ce a shafi na sittin ka rubuta, Mama tana gaishe ki."

"To ai ta gaishe ki."

"Ta ce Mamar wa?"

"Taki."

"Ta ce a shafi na tamanin ni ma na rubuta, ka gaishe mini da Mama."

"Wannan tawa ce."

Matar ta fassara. Lauya ta cire tabarau ta murza ido. Ta sake juya shafi, ta nuna wani layi da biro.

"Ta ce wace ce Likita?"

"Ke."

"Ta ce ni ma'aikaciyar jinya ce, haka yake a takarduna. Kar su ce na yi ƙarya a kan aikina."

"Gaya mata a gidanmu duk mai farin kaya likita ne."

Matar ta yi magana. Ya lura ta daɗe fiye da yadda ya daɗe.

"Me kika ƙara?"

"Na gyara maka ne."

Lauya ta ce za ta gwada su kamar yadda jami'i zai yi ranar ganawa. Ta ce matar ta tashi ta tsaya bakin ƙofa, ta kira mijinta da sunansa, kamar suna gida. Matar ta tashi. Ta gyara mayafi. Ta yi gyaran murya sau biyu.

A lungun ofishin akwai wani ƙaramin firji. Tun shigowarsu yake jin sa. Injin yana tashi, ya yi kamar daƙiƙa goma, ya ce ƙas, ya mutu. Ya sake tashi. Ba gas ba ne. Ɗan abin da ke tayar da injin ne ya gaji, da za a kwantar da firjin a cire murfin baya...

Wani suna ya wuce ta bayan kunnensa. Ya sake wucewa. Ya wuce na uku, da ɗan ƙarfi.

"Yaya!"

Ya zabura, gwiwarsa ta bugi tebur. "Na'am?"

 Firjin ya ce ƙas.

Lauya ta rubuta wani abu a takarda, ta ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

"Sau uku na kira ka," in ji matar tana dawowa kujera.  "Sau uku, a gaban mutane. Bakina har yanzu wani iri nake jin sa."

"Na zaci wani ake kira."

"Mu uku ne a ɗakin."

Lauya ta ajiye biro. Wannan karon ba ta yi doguwar magana ba, kuma shi ta kalla, ba matar ba.

"Ta ce ita ta yarda da mu," in ji matar, muryarta ta sauka. "Amma jami'in ba zai gan mu ba sai bayan ya yarda da takarda. Ta ce ka ba ta abu ɗaya da zai nuna kalmar nan ba wa take nufi ba."

Ya gyara zama. Ba mai yawan magana ba ne, ko a gida. Ya dubi tafin hannunsa.

"Gaya mata a rubuce kalma ɗaya ce," ya ce. "A bakinki ta kai biyar. Akwai ta neman abu. Akwai ta in na yi laifi. Akwai wadda kike yi in Mama tana kusa. Akwai ta ɗazu."

"Saura ɗaya."

"Ki fassara haka."

Ta fassara. Wannan karon ba ta ƙara komai ba. Lauya ta ɗaga yatsu huɗu, sannan ta nuna na biyar tana jira.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro waya. Bai yi bincike ba, abin yana sama. Saƙon murya ne, minti huɗu da 'yan daƙiƙu, na wata bakwai da suka wuce. Ta yi shi ne wata safiya a tashar bas, ta fito daga aiki, ranar da aka ce musu fayil ɗinsu bai motsa ba. Ya danna.

Iska ta fara fitowa, da ƙarar mota. Sannan muryarta, ƙasa-ƙasa, a gajiye, ta ja kalmar kamar ba ta so ta ƙare.

Matar ta yi tsalle ta fizge wayar. "Ba ka goge ba?"

"A'a."

"Na ce ka goge. Na rubuta maka ka goge, yana nan a shafi na nawa ne ma."

"Kullum nake ji kafin in buɗe shago."

 Ta riƙe wayar a ƙirji da hannu biyu, tana kallon kafet.

Lauya ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta mayar da tabarau, ta yi ɗan tari, ta shiga gyara takardun da ba su karkace ba. Sannan ta yi magana.

Matar ba ta fassara ba.

"Me ta ce?"

"Ba komai."

"Likita."

"Ta ce ba wanda yake yi wa wansa magana haka." Ta kau da kai. "Ta ce a saka shi cikin fayil. Duka. Amma sai an rubuta shi an fassara, da hatimi."

"To a fassara."

"Ka san mai hatimin."

Ya san shi. A duk garin mutum ɗaya ne kotu ta yarda da fassararsa ta Hausa, wani dattijo mai ofis a saman shagon gyaran takalma. Shi ya fassara shafi ɗari huɗun. Shi ne kuma wanda mahaifinta ya roƙa ya tarye ta a filin jirgi ranar da ta fara zuwa ƙasar, kuma har yau duk ƙarshen wata sai sun yi waya da mahaifin nata.

Sun yi tafiyar a ƙasa. Ba nisa. Ita tana gaba, wayar tana hannunta.

"Ka san abin da na ce a minti na uku?"

"Na haddace."

"Baba ne fa zai ji. Ya rubuta. Ya buga hatimi."

"Shi ma ki daina ce masa Baba, kar su ce mu uku gida ɗaya muka fito."

Ta so ta yi dariya, ta fasa. A bakin matakala ta tsaya. Ƙamshin man takalmi yana fitowa daga shagon ƙasa.

"In ba kya so mu koma," ya ce. "Mu rubuta bayani kawai. In sun rufe, mu sake."

"Wata shekarar?"

Ya ɗaga kai ya dubi matakalar.

"Jibi za ka tafi," ta ce. "Firjin nan ma ba ka gyara mini ba."

Ta hau. Ya bi ta.

Dattijon yana zaune bayan tebur cike da ƙamus-ƙamus, da hula a kansa da rigar sanyi har wuya. Suka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan mijin ya ajiye masa wasiƙar. Ya karanta ta har ƙasa, bai ko motsa gira ba.

"Baba, ai ka san ba wana ba ne," ta ce. "Kai ma an aiko maka da hotunan ɗaurin auren."

"Na sani."

"To me ya sa ka rubuta haka?"

"'Yata, rantsuwa na yi a gaban alƙali. Abin da aka rubuta nake fassarawa, ba abin da na sani ba. Yaya a ƙamus wa ne. Ga shi nan, shafi na nan, duba da kanki."

"Sau dubu da ɗari tara," in ji mijin.

"Da shida," in ji dattijon. "Hannuna ya gaya mini."

Suka yi masa bayanin abin da lauya ta ce. Ya gyaɗa kai. Ya ja sabuwar takarda, ya rubuta kwanan wata a sama, ya gwada biro a gefe. Ya tura kofin shayinsa can nesa.

"To, ku kunna. In na ɗaga hannu ku tsayar."

Ta ajiye wayar a tsakiyar tebur. Ta ja mayafinta har ya rufe rabin fuska. Mijin ya kai hannu, ta buge shi, ta danna da kanta.

Iska. Ƙarar mota. Sannan kalmar ta fito, ta yi tsawo, ta lanƙwasa a tsakiya, ta sauka a hankali.

Dattijon ya ɗaga hannu. Ta tsayar.

Ya daɗe yana kallon farar takardar, biro a sama. Ya kai hannu wajen ƙamus, ya taɓa bangon, ya janye. Ya dubi mijin, mijin yana kallon silin. Ya dubi matar, ba a ganin komai sai goshinta.

"Wannan," ya ce, "da 'a' nawa zan rubuta shi?"