Gadon Littattafan Haula

Ranar da labarin ya iso, Rahamatu tana tsakar gida tana tsintar wake. Ƙanenta Halidu ya shigo ba sallama, ya tsaya jikin rumbu da hula a hannu. Ba ta tambaye shi kome ba. Ta san an wuce da ɗiyarta Haula gidan likita na Maradi, wuya ya sanƙare, zazzaɓi ya ƙi sauka.

"Yaya, sai haƙuri," in ji shi. "Mai abu ya karɓi abinsa."

Ta yi salati, ta ture faifan gefe. Kaji suka taru a kan waken, ba ta kore su ba.

Haula ce ɗiyarta ta fari, don haka Rahamatu ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma taɓa yabonta a gaban mutane ba. Madam take ce mata, kamar yadda ƴan lakkol, wato yaran makarantar da take koyarwa, suke faɗi. Madam ɗin ce ta tara wasu matan Dakoro, duk Asabar bayan la'asar suna zama a rumfar Rahamatu, kowace ta faɗi yadda ta ga littafin da aka karanta. Akwai na labari, akwai na nasiha masu koya wa mutum gyaran rayuwarsa. Na Faransanci Haula ce take juya musu su da Hausa. Rahamatu aji biyu ta yi aka cire ta, ba ta hawa tabarmarsu. Daga bakin murhu take saurare, wani lokaci ta jefo magana su kwashe da dariya.

Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a gidan Attaher, mijin marigayiya. Malam Zakariya'u ya sa aka fito da kaya: tumaki, keken ɗinki, gado, kwanoni, zannuwa. Littattafan suna gefe cikin kwalaye, ba wanda ya sa su cikin lissafi. Attaher ya ce ba ya iya kallonsu, kuma mai ƙosan bakin tasha ta aiko tana son takardun ƙunshi. Ba da mugunta ya faɗa ba, idonsa jawur yake.

Malam ya ce tunda Haula ta bar ɗiya, kason uwa ɗaya ne cikin shida. Ya ware wa Rahamatu tumaki biyu da keken.

"Malam," Rahamatu ta ce daga cikin mata, "a ba ni takardun."

Halidu ya juyo. "Yaya, tumaki fa ake ba ki. Masu ciki."

"Na ji. Ban kurmance ba."

"To me za ki yi da takardu? Ke da sunanki ma sai kin yi gumi kike rubuta shi."

"Gumina ne, ba naka ba."

Malam ya gyara zama. Ya ce mata in ta yafe kasonta da bakinta a gaban shaidu, magana ta ƙare, ba a dawowa in damina ta yi gardama. Ta ce ta sani. Tumakin da keken a ƙara wa jikarta, ita kwalayen take so, kar a cire ko guda. Da yamma amalanken jaki ya sauke su a ƙofar gidanta, maƙwabta suna leƙe suna girgiza kai.

Asabar ta zo, ta share rumfa, ta shimfiɗa tabarma. Ba wadda ta zo. Ta gaba ma haka. Halidu ya biyo, ya dubi tabarmar, ya dubi kwalayen, ya juya ya fita. Washegari ta yafa mayafi ta nufi gidan Raudatu, wadda suka koyar tare da Haula.

"Inna, kunya muke ji," in ji Raudatu. "Mu zo gidan makoki muna gardamar littafi muna dariya?"

"Makoki ya tashi. Na bar tumaki na ɗauki takardu, yanzu kuna so in zuba su tukunya in dafa?"

Raudatu ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ce za su zo.

Suka zo kuwa, har da Balkisu ungozoma da Hawwa'u mai ɗinki. Rahamatu ta jawo kujerarta ta tsugunno har bakin tabarma. Littafi biyu Haula ta ba su kafin ta kwanta, ba a kai ga tattauna su ba. Na farko labarin wata yarinya ce da ta sayar da gonar uwarta ta buɗe shago a birni, ta yi arziki.

"Ni dai ya yi mini daɗi," in ji Balkisu. "Sai da tuwona ya ƙone."

"Mai labarin ya iya baki," Rahamatu ta ce, "amma ƙarshen ƙarya ne. Wa ya taɓa sayar da gona ya kwana lafiya? Ko kawu ɗaya bai biyo ta da sanda ba?"

"Haba Inna!" in ji Hawwa'u. "Kullum mace ta sha wuya a littafi. An samu guda ta tsira, ke kuma kina nemo mata kawu."

"Ban hana ta arziki ba. Sauƙin ne ya yi yawa."

"To wajen da ta zauna a tasha tana kuka, mota ta tafi ta bar ta fa?"

Rahamatu ta gyaɗa kai. "Wannan gaskiya ne. Nan kam ya ga mace da idonsa."

Aka koma na nasiha. Raudatu tana karantawa tana juyawa da Hausa. Marubucin ya ce duk mai son ci gaba ya riƙa tashi kafin fitowar rana.

"Mu da yaushe muke tashi?" Rahamatu ta tambaya. "A kawo shi ya ja guga a rijiyar ƙauyenmu ta wajen Kornaka, ya ga ci gaba."

Hawwa'u ta ce ita kam ya amfane ta, tunda ta ji shawararsa ta daina karɓar ɗinkin da ba za ta iya gamawa ba kafin salla. Rahamatu ta ce to wannan an gode masa. Raudatu ta ci gaba, sai ta tsaya, ta juya shafi da sauri.

"Kin tsallake," in ji Rahamatu.

"Ba wani abu ba ne, Inna."

"Kason gadona ne. Karanta mini abina."

Raudatu ta koma baya, murya ƙasa ƙasa. Wurin yana magana ne a kan rashi. Ya ce wanda aka yi wa mutuwa kar ya haɗiye, ya riƙa kiran sunan mamacin a fili, ya faɗi alherinsa a gaban mutane.

Rahamatu ta dubi hannuwanta.

"Wannan mutumin ba ɗan ƙasar nan ba ne, bai san kunyar ɗan fari ba," ta ce. "Sunan ba zan kira ba, ko yau ko gobe. Amma rabin maganarsa na karɓa." Ta ɗaga kai ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Duk garin nan wa ya tara mata suna gardama a kan littafi kamar maza a majalisa? Ni na haife ta. Ban haifi banza ba."

Balkisu ta share ido da gefen zane. Hawwa'u ta jawo kwali ta ce a zaɓi na mako mai zuwa, amma don Allah wanda ba gona a ciki.

Har yanzu suna zuwa, har an ƙaru da mata biyu. Attaher ya sa kafinta ya yi wa littattafan kanta mai dogayen ƙafafu. Kowace safiya, in Rahamatu ta kwashe tokar murhu, takan ɗebi tafi guda ta shiga ɗaki, ta duƙa ta barbaɗa a gindin ƙafafun kantar saboda gara.